Kwaɗon Da Ke Kulle Mai Ɗaki: Wasannin Kwamfuta, Linux Da Rigimar Hana Kwafi

Gabatarwa

A Ƙofar Mata ta birnin Kano ne filin wasa na Sani Abacha yake, gidan ƙungiyar Kano Pillars, inda aka buga wasu daga cikin wasannin gasar cin kofin ƙasashen Afirka ta shekarar 2000. Sai dai ba duk ƙwallon da matasan birni suke bugawa a yau ba ce ake buga ta a kan ciyawa. Mai yawa daga cikinta a kan allon talabijin da na kwamfuta take, a 'yan shagunan nan da ake kira gidan gem, inda yaro zai biya 'yan kuɗi ya zama ɗan wasan Turai na minti goma.

Iyaye da malamai sukan ɗauki wannan abu shiririta, kuma in ya hana karatu suna da gaskiya. Amma masana na'ura mai ƙwaƙwalwa sun san cewa wasan kwamfuta yana cikin manhajoji mafiya wuyar tsarawa, domin ya haɗa lissafi da kimiyyar motsi da zane da sauti wuri guda. Saboda haka rigimar da ake yi a kansa ta shafi ilimi. Ra'ayin da wannan maƙala take ɗauke da shi shi ne: kwaɗon da kamfanoni suke garƙama wa wasanni don hana kwafi ya fi cutar da wanda ya saya da kuɗinsa a kan wanda ya sata, amma wannan bai halatta satar ba, kuma akwai hanya ta uku wadda makarantunmu za su iya bi tun daga yau.

Mece Ce Linux?

Kowace kwamfuta tana buƙatar uwar manhaja, wadda take shiga tsakanin ƙarfen na'ura da sauran manhajoji, tana raba musu wurin ajiya da lokacin aiki, kamar yadda sarkin kasuwa yake raba rumfuna. Wadda aka fi sani a wurinmu ita ce Windows ta kamfanin Microsoft. Mai tsara manhaja yakan rubuta umarninsa ne cikin wani harshe da ɗan'adam zai iya karantawa, shi ne ake kira rubutun asali, sannan a juya shi zuwa lambobin sifili da ɗaya waɗanda na'ura take ganewa. Kamfanoni irin su Microsoft lambobin kawai suke sayarwa, su adana rubutun asali a wurinsu.

A shekarar 1983 wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya ƙaddamar da shirin GNU domin samar da manhajar da kowa yake da 'yancin ya yi aiki da ita, ya karanta rubutunta, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. A 1991 kuma wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, mai shekara 21, ya rubuta zuciyar uwar manhajar da aka sa wa suna Linux, ya sake ta ga duniya. Haɗuwar ayyukan nan biyu ita ce ta haifar da abin da muke kira buɗaɗɗiyar uwar manhaja. A yau duk wayar Android da ke aljihun mai karatu a kan zuciyar Linux aka gina ta, kuma tun daga ƙarshen 2017 kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya dukkansu da Linux suke aiki.

Wanda ya taɓa ratsawa ta marinar Ƙofar Mata, wadda masu ita suke cewa tun 1498 ake rini a cikinta, zai fahimci wannan tsari ba da wahala ba. Ramukan karofi a buɗe suke, kuma yadda ake haɗa baba da toka da katsi ba asiri ba ne. Yaro yana gani a hannun mahaifinsa, baƙo ma yana tsayawa ya kalla. Duk da haka marini yana cin abinci, domin gwanintar hannu da ingancin shuni ake biya. Haka nan in ka sayi zanenka ka tafi, marini ba ya biyo ka gida ya ƙayyade maka sau nawa za a ɗaura shi, ko ya hana a ara wa ƙanwa.

Yadda Wasanni Suka Shigo Linux

An daɗe ana yi wa Linux gorin cewa ba ta da wasanni. Dalili kuwa shi ne kamfanoni don Windows suke tsara wasanninsu, saboda can masu saye suka fi yawa. Kamfanin Loki na Amurka, wanda aka kafa a 1998 don juya manyan wasanni zuwa Linux, bai yi tsawon rai ba, ya rufe a farkon 2002. Amma tun 1993 wasu masu sa kai suka fara aikin wata manhaja mai suna Wine, wadda take aikin tafinta: wasa ya yi magana da harshen Windows, ita kuma ta fassara wa Linux nan take.

Abubuwa sun sauya sa'ad da kamfanin Valve, mai babbar kasuwar wasanni ta intanet da ake kira Steam, ya shigo fagen. Ya kawo Steam kan Linux a 2013, ya fitar da Proton, wato ingantacciyar Wine, a 2018, sannan a 2022 ya fara sayar da Steam Deck, wata 'yar na'urar wasa ta hannu mai aiki da Linux. Yanzu dubban wasannin Windows suna tafiya a kan Linux lafiya lau. Waɗanda suka ƙi tafiya kuwa, sau da yawa ba gazawar tafinta ba ce. Kwaɗon da aka sa musu ne ya tare hanya.

Yadda Kwaɗon Yake Aiki

Kwaɗon hana kwafi, wanda Turawa suke taƙaita sunansa da DRM, ya bi matakai. A shekarun 1980 wasa yakan tsaya ya tambayi mai wasa kalmar da ke wani layi na wani shafi a littafin da aka sayar tare da shi. Da faifan CD ya zo, sai aka riƙa dasa wasu tabo da gangan a jikin faifan, waɗanda na'urar kwafi ba ta iya maimaitawa. Wasa ya laluba, in bai ji tabon ba ya ƙi tashi. Irin wannan kwaɗo, kamar SafeDisc da StarForce, yakan cusa wata ƙaramar manhaja can cikin zuciyar Windows. Daga baya aka koma ga intanet: sai wasa ya tuntuɓi babbar kwamfutar kamfani ya karɓo izini, wani sau ɗaya, wani lokaci-lokaci, wani kuma kowane daƙiƙa.

A nan akwai wani abin lura da ya kamata ɗalibin kimiyya ya tsaya a kansa. Kwaɗon ƙofa yana da amfani ne saboda makulli yana hannun mai ɗaki, ɓarawo kuwa yana waje. Amma a sha'anin wasan kwamfuta, dole ne a miƙa wa na'urar mai saye makullin, in ba haka ba wasan ba zai buɗe ba. Ashe ke nan kwaɗo da makulli duk suna gidan mutumin da ake tsaro dominsa, iyakar dabarar kamfani ita ce ya ɓoye makullin a wani lungu na na'urar. Abin da aka ɓoye kuwa mai haƙuri yakan gano shi. Kuma mutum ɗaya tak ake buƙata ya fasa. Da zarar ya fasa, kwafin da ba shi da kwaɗo zai bazu duniya.

Wannan ne asalin rashin jituwar kwaɗon da Linux. A uwar manhajar da kowa yake iya karantawa ya kuma gyara, lungun ɓuya ya yi ƙaranci, shi ya sa kamfanoni da dama ba su amince da ita ba. Akwai kuma wani ɗan'uwan kwaɗon, wato manhajar hana maguɗi a wasannin da ake karawa ta intanet, wadda ita ma takan nemi zama cikin zuciyar uwar manhaja. Saboda ita ne wasan ƙwallon FIFA 23 na kamfanin EA, wanda ya fito a 2022, ya ƙi tafiya a kan Linux, kuma a watan Oktoba na 2024 aka rufe wa masu Linux ƙofar wasan Apex Legends. Hana maguɗi buƙata ce ta gaskiya, amma sakamakon ɗaya ne: kamfani ne yake zaɓar wa mutum uwar manhajar da zai sa a na'urar da ya saya da guminsa.

Wa Kwaɗon Yake Kullewa?

Bari mu duba abin da ya faru. A 2005 aka gano cewa wasu faya-fayan waƙa na kamfanin Sony BMG suna dasa ɓoyayyiyar manhaja a kwamfutar duk wanda ya saka su, manhajar da ta buɗe wa masu mugun nufi kafa, har sai da kamfanin ya janye su daga kasuwa. A 2008 EA ya fitar da wasan Spore da sharaɗin sau uku kacal mai saye zai iya girka shi. Tun kafin ranar fara sayarwa kwafin da aka fasa ya shiga intanet, kuma wasan ya zama cikin waɗanda aka fi sacewa a shekarar. A 2015, da Windows 10 ta fito, Microsoft ya daina karɓar SafeDisc saboda haɗarin da yake jawowa, sai ga mutane riƙe da faya-fayan asali waɗanda ba sa tashi. A ƙarshen watan Maris na 2024 kamfanin Ubisoft na Faransa ya kashe kwamfutocin da ke ba wasan tseren mota The Crew izini, wasan ya mutu a hannun duk wanda ya saya. Wannan ya tayar da ƙura, har aka tara sa hannun mutum fiye da miliyan ɗaya a 2025 don neman Tarayyar Turai ta duba lamarin.

Masu Linux kuma suna da tasu ƙarin wahala. Kwaɗon Denuvo, wanda ya bayyana a 2014, yakan ba da izinin na'ura biyar ne cikin awa 24, kuma yana iya ɗaukar sauya samfurin Proton a matsayin sabuwar na'ura. Mutum yana cikin gwaje-gwajen gyaran wasansa sai ya tarar an kulle shi na yini guda.

To, mai karatu ya ɗauko wannan tsari ya ajiye shi a cikin birnin Kano, inda wuta take zuwa ta ɗauke, data kuma da kuɗi ake saye. Wasan da ba ya tashi sai da intanet an tsara shi ne don gidan da wuta da intanet ba sa yankewa. Wanda ya sayi na asali zai zauna yana jiran sabis, maƙwabcinsa da ya karɓo fasasshe a filashi yana ta wasansa. Duk tsarin da zai sa kayan sata su fi na halal daɗin aiki, to, yana koya wa yara mummunan darasi.

Haƙƙin Mai Ƙirƙira

Adalci shi ne a saurari ɗaya ɓangaren. Misalin marina yana da iyaka, domin zane ba ya haihuwar zane, amma wasan kwamfuta ana iya kwafarsa sau dubu ba tare da an kashe kwabo ba. A 2008 wasu mutum biyu suka fitar da wasan World of Goo ba tare da kwaɗo ba, daga baya suka ƙiyasta cewa kusan kashi 90 cikin 100 na masu buga shi ba su biya ba. Wanda ya shafe shekaru yana aiki ya ga haka, ba za a zarge shi ba in ya nemi kwaɗo. Mu ma mu faɗa wa kanmu gaskiya: yawancin wasannin da ke yawo a kwamfutocin matasanmu ba sayensu aka yi ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta haramta satar fasaha, ta kuma haramta fasa irin wannan kwaɗo. Ban da doka, fasasshen wasa yakan zo da ƙwayar cutar kwamfuta a ɓoye.

Tambayar ita ce, shin kwaɗon ne yake kawo ciniki? Kamfanin CD Projekt na ƙasar Folan ya buɗe kasuwar GOG a 2008 bisa ƙa'idar sayar da wasanni ba kwaɗo. Wasansa The Witcher 3 na 2015, wanda aka sayar a can haka nan a buɗe, ya haura kwafi miliyan 50 zuwa 2023. A watan Mayu na 2010 wasu ƙananan masu tsara wasanni suka yi wani gwaji mai suna Humble Indie Bundle, suka ce kowa ya biya abin da ya ga dama. Aka tara fiye da dala miliyan ɗaya, kuma masu Linux, waɗanda ake zargi da son banza, su suka fi kowa biya da tsoka. Shugaban Valve, Gabe Newell, ya bayyana a 2011 cewa a ganinsa satar fasaha matsala ce ta rashin kyakkyawar hidima ga mai saye. A wurinmu sai an ƙara da farashi: sabon babban wasa yakan kai dala 70, wanda a canjin 2025 ya zarce mafi ƙarancin albashin wata na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024.

Darasin Ƙofar Wambai

Ba sai mun je Turai ba kafin mu ga yadda irin wannan rigima take ƙarewa. Ƙofar Wambai, maƙwabciyar Ƙofar Mata a jikin badala, ita ce ta kasance cibiyar cinikin kaset a Kano. Bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, fina-finan Hausa suka bunƙasa bisa wani tsari mai ban sha'awa. Mai shirya fim yakan ba 'yan kasuwa uwar kaset, su kwafa da na'urorinsu, shi kuwa ya buga kwalaye ya sayar musu. Ta yawan kwalin da aka saya yake samun kuɗinsa. Wato dai masu fim sun gane tun da wuri cewa ba za su iya hana kwafi ba, sai suka mai da masu kwafin abokan ciniki, kwali ya zama shaidar halal.

Da faifan CD ya zo, sannan aka koma tura fina-finai a memorin waya, sai kwali ya rasa daraja, kasuwar ta durƙushe, mutane da yawa suka rasa sana'a. Kame da ƙone faya-fayan jabu ba su dawo da ita ba. Abin da ya sake ba masana'antar numfashi shi ne sauya hanyar isa ga mai kallo: shirye-shirye masu dogon zango a tashoshi irin su Arewa24, da kuma a YouTube, kamar Izzar So da Labarina da suka fito a 2020, inda talla take biyan kuɗin. Ba a ce an warware komai ba, amma darasin a bayyane yake: mai fasaha yana samun haƙƙinsa ne in hanyar halal ta fi ta sata sauƙi da kusa.

Shawara Ga Malamai Da Ɗalibai

Na farko, a ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10, kuma Windows 11 ba ta karɓar tsofaffin na'urori da yawa. Kwamfutocin makarantunmu kuwa galibi 'yan kwatano ne. Maimakon a jibge su a sito ko a sa musu Windows ta jabu, malamin kwamfuta ya gwada Linux Mint ko Ubuntu, ko Lubuntu ga na'ura mai rauni. Ana iya tayar da su daga filashi a gwada ba tare da an goge komai ba. Ɗalibin da ya saba da linzami da allon rubutu a kansu ba zai ji baƙunta ba ranar jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015.

Na biyu, akwai wasannin da kwafarsu halal ce, masu su ma so suke a raba: GCompris don ƙananan yara, SuperTuxKart na tseren mota, 0 A.D. da Battle for Wesnoth na dabarun yaƙi, da Luanti na gine-gine. Mutum ɗaya ya sauko da su, makaranta duka ta samu, kuma ba sa buƙatar intanet kafin su tashi.

Na uku, kada ɗalibi ya tsaya ga bugawa. Ya buɗe rubutun asali, ya sauya gudun mota ko ƙarfin tsalle, ya ga abin da zai faru. Nan ne lissafin aji yake zama abin gani da ido. Kamfanin id Software ya saki rubutun asalin wasan Doom a 1997, shi ya sa har yau wasan yana raye, masu koyo kuma suna ɗaukar darasi daga gare shi. Ƙungiyar ɗalibai tana iya ɗaukar aikin fassara ɗaya daga cikin waɗannan wasanni zuwa Hausa, malamin Hausa da na kwamfuta su haɗa kai. Da manhajar Godot, wadda aka buɗe ga kowa a 2014, ana iya tsara wasan dara ko langa ko dambe.

Na huɗu, wanda Allah ya hore wa abin saye ya bincika kafin ya biya: shin wasan yana tashi ba intanet? Shin zai rayu in kamfanin ya rufe? Ya kuma kamata Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta duba yiwuwar wajabta wa masu sayarwa su bayyana irin kwaɗon da ke jikin hajarsu, domin mai saye ma yana da haƙƙi.

Kammalawa

Bahaushe ya ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mai fasaha yana da damar ya tsare guminsa, kuma wajibi ne mu koya wa yaranmu mutunta wannan. Sai dai tsaron da zai kai ga mallake na'urar mai saye, ya kashe masa kaya ranar da kamfani ya ga dama, ya wuce gona da iri. A cikin ɗaliban da ke karanta wannan mujalla akwai waɗanda, in an ba su dama, za su tsara wasannin da za a buga da Hausa nan gaba. Ranar da suka kai ga haka za su fuskanci wannan zaɓi da kansu. Shawararmu gare su ita ce su sa farashin da ɗan Kano zai iya biya, su sauƙaƙa hanyar biyan, su bar wasan ya tashi ko da babu sabis. Kafin wannan rana kuwa, aikin yana wuyan malamai: a karkaɗe ƙurar tsofaffin kwamfutocin nan, a sa musu buɗaɗɗiyar manhaja, a bar yara su leƙa cikinta.